Ranar da Guguwa Ya Kai Ni Farauta

Ni tela ne a Yako, sunana Ghali, kuma duk wanda ya kalli tumbina ya san sana'ata ta zama ce. Bakina ne ya haɗa ni da karen farauta. Mun je suna Doguwa, ana cin tuwo, Ubale yayan matata yana ba da labarin gadar da suka kama a daji, kowa ya saki baki yana saurare. Na ji ba zan iya yin shiru ba, na ce ai mu ma jinin mafarauta ne, kakana da gudu yake kama zomo. Kakan nan nawa kuwa hula yake ɗinkawa har ya bar duniya.

Ba a daɗe ba sai ga Ubale a ƙofar shagona a kan babur, ya rungumo wani jan kare siriri mai dogayen ƙafafu, cikinsa a ɗame kamar bai taɓa cin abinci ba.

"Ga shi na kawo maka, jikan mafarauta," in ji shi. "Sunansa Guguwa. Uwarsa ba ta taɓa sa ido a kan zomo ya tsira ba."

Na yi godiya da baki, zuciyata kuwa tana salati.

Matata Zubaida ta leƙo daga zaure ta dube shi, ta dube ni.

"Baban Husna, wannan fa ba zai shigo mini gida ba. Kwanonsa daban, kuma in ya lashi butata kai za ka wanke."

Na kafa masa turke a gindin darbejiyar bayan gida, na ɗaure shi da igiya. Kafin azahar ya cinye igiyar. Na sa wata, ya tona rami ya tumɓuke turken, ya ja shi cikin unguwa yana bin kajin mutane. Akuyar maƙwabcina Jamilu ta hau katanga saboda shi, abin da ba ta taɓa yi ba. Na yini ina ba da haƙuri gida gida, ɗinkin mutane na jirana.

Na kira Ubale a waya na ce karen nan ko aljanu gare shi.

Ya yi dariya har da tari. "Lafiyarsa ƙalau. Irinsu ba a ɗaure su a zauna. Kullum da safe ka fita da shi ya yi gudu, in ya gaji za ka samu lafiya."

Haka na fara. Ana idar da sallar asuba sai in kama igiya mu nufi gonaki. Na ce mu nufi, amma shi ke gaba, ni ina biye ina haki, silifas ɗina na tashi. Masu tafiya gona su tsaya su gaishe ni.

"Malam Ghali, lafiya kake gudu?"

"Motsa jiki nake yi!" Haka nake amsawa ba tare da na tsaya ba, don tsayawar ba a hannuna take ba. Wata tsohuwa mai itace ta ce wa abokiyar tafiyarta, yadda zan ji, "Kin ga karen can ya fito da mutuminsa."

Amma fa in faɗi gaskiya, abin ya yi mini rana. Ciwon gwiwar da keken ɗinki ya sa mini ya lafa. Sai da na rage wa wandunana ƙugu da hannuna. Gafiyoyin da suka addabi rumbunmu Guguwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har Zubaida, wadda ta ce ba ruwanta da shi, na kama ta tana tara masa ƙanzo. Da yamma kuma in na rufe shago, tun daga nesa yake gane takuna, ya dinga tsalle yana kaɗa wutsiya. Ban taɓa samun wanda ya yi murnar ganina haka ba, har cikin dangi.

Da aka gama girbi sai Baba Ɗantani, dattijon da ke jagorantar mafarautan yankinmu, ya aiko cewa za a fita dajin wajen Dangora, kuma sun ji labarin karena. Na zauna na ɗinka wa kaina rigar farauta mai aljihu ko'ina, na samo gora mai kai, na tsaya gaban madubi. Zubaida ta ce, "Allah ya kiyaye hanya," ta juya da sauri, kafaɗunta na rawa.

Rana ta ɗaga muka shiga daji, mutane sun jeru suna dukan ciyawa, karnuka na shinshina ƙasa. Ni kuma saboda tsoron kada Guguwa ya ɓace mini, na naɗe igiyarsa a wuyan hannuna na ƙulle tam. Wani mafarauci mai suna Sale ya ce, "Malam, sake shi mana." Na ce masa ni na san halin karena.

Ban rufe baki ba zomo ya tashi a gabanmu. Na ji an yi ihu, na ji hannuna ya yi gaba ba da izinina ba, sauran jikina ya bi shi. Na yi taku kaɗan a tsaye, sauran tafiyar a kan ciki na yi ta, cikin ƙarangiya. Gorata ta yi nata wuri. Wandona ya yage tun daga ƙugu har gwiwa, kuma a kan ɗinkina ya yage. Allah ya taimake ni igiyar ta tsinke.

Daga inda nake kwance na ɗaga kai, na ga abin da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Guguwa ya miƙe kamar an harba shi, ya wuce karnukan Sale, ya wuce na Baba Ɗantani. Zomon ya karya kwana, shi ma ya karya. Kafin su kai bakin wani kwazazzabo ya cafke shi. Bai tsaya wurin kowa ba, ya ratso mutane ya zo ya tsaya a gabana da zomon a bakinsa yana shure-shure. Hawaye suka cika mini ido, rabi na daɗi, rabi na ƙaya.

"Yana da rai, yanka shi maza!" in ji Baba Ɗantani.

Na shiga laluben aljihuna. Na farko babu komai. Na biyu na zaro tef ɗin awo. Na uku almakashi da alli. Sale ya zauna a ƙasa ya riƙe ciki don dariya. Baba Ɗantani bai yi dariya ba, ya zaro wuƙarsa ya miƙo mini, ya ce, "Yi bismilla, ɗana." Na yi bismilla na yanka. Mayafin wani na ɗaura na dawo gida, Zubaida ta yini tana cire mini ƙarangiya a baya, farfesun zomo na tafasa a murhu.

Sati na zagayowa Baba Ɗantani ya zo shagona da kansa. Na durƙusa na gaishe shi, muka gaisa har da tambayar iyali da gajiyar ranar nan. Ya yi gyaran murya.

"Gobe za mu sake fita. Mun ce ko za ka ba mu aron Guguwa."

"Ai sai mu zo tare, Baba."

Ya dubi keken ɗinkina, ya dubi tulin yadin da ke gefe. "A'a, ɗana. Ga aiki ya yi maka yawa, kada mu shiga haƙƙin masu kaya. Shi dai."

Washegari na raka su har bakin hanya. Guguwa ya waiwayo ya dube ni, na ɗaga masa hannu, ya bi su da gudu. La'asar sakaliya Sale ya dawo da shi, ya miƙo mini fakara ya ce rabon mai kare ne. Sannan ya ajiye wani ƙunshi a kan teburina, wandunan mafarauta da ƙaya ta yaga, ya ce Baba ya ce a ninka ɗinkin.