Komon Baba Isa

Hadijatu ta kai tsakiyar lungun Misfala, ƙwarya a kai, taɓare a kafaɗa, sai ta hango mai sanda tsaye a inuwar katanga. Ɗaya ne daga masu sintirin da ke farfasa kayan kiɗa a Makka, su zane mai su a bainar jama'a.

Abin da ke kanta ba ƙwaryar gari ba ce. Komon mahaifinta ne, babbar garayar nan mai kaurin murya. Ta zare masa wuya ta ɗaure tsakanin taɓaren, ta rufe ƙwaryar da tsumma.

Shekaranjiya Baba Isa ya rasu, mai gida kuma ya ce a kwashe ɗakin kafin la'asar. Shekara ashirin ya yi a Sakkwato yana zaune bayan mawaƙa, ana yi musu kirari, shi ko kallo bai ishi kowa ba. Amma ranar da bai zo ba, waƙa sai ta yi salam. Da ya tako zuwa Makka ta Sudan, ga-ruwa ya koma. Sai da hantsi, in matan gidan sun fara luguden gero, yake jan ƙofa ya taɓa tsirkiya a hankali, turame na rufa masa asiri. Komon nan ne kaɗai abin da ya bar mata duk duniya.

"Wagifi, ya hajja! Esh hada?" in ji mai sandan da Larabci, wato ta tsaya, mene ne wannan.

"Kayan daka ne," in ji ta.

Ya matso, ya ƙwanƙwasa ƙwaryar da sanda. Fatar da ke ƙarƙashin tsumman ta amsa da wani amo mai zurfi, har a haƙoranta ta ji shi. Ta fara salati a zuci, tana jiran a fizge.

Bai fizge ba. Ya sake ƙwanƙwasawa, a hankali wannan karon.

"Daga gidan Shatu mai daka kika fito?" Da Hausa ya tambaya, Hausar waɗanda aka haifa a nan.

Ta kasa ƙarya. "Daga nan ne."

"Katangarmu ɗaya da gidan. Tun ina ƙarami nake jin wani abu a ƙarƙashin dakan, yana shiga ƙirjina. Na tambayi ummi, ta ce turmi ne." Ya waiga dama da hagu, ya ja tsumman ya rufe gefen da ya yaye. "Wane ne ke kaɗawa?"

Hadijatu ta dube shi. Tarko ne ko ba tarko ba, ba ta sani ba. Amma wanda ke kwance a kabari ya wuce bulala, kuma tunda take ba ta taɓa jin an tambayi sunan mai komon ba.

"Isa," ta ce. "Isa ga-ruwa."

Mai sandan ya ce, "Wanda ke kawo mana ruwa kullum?"

Ta gyaɗa kai.

"Allah yarhamu," ya ce. Ya juya mata baya, ya tsura wa katanga ido har ta wuce.