Jar Madara a Shagon Damiyan

Farin shekarar saba'in da uku ne ya cinye shanun Bubayero. Ya bar rugarsu ta Kafinsoli, ya dawo Kankiya yana aikin titi. Shekara biyu ke nan bai sha madarar da aka tatsa a gabansa ba.

Wata rana da azahar ya tsaya a shagon Damiyan, mutumin Kudu mai sayar da kayan gwangwani. Ya ga kwalaben madara jere, amma launinta ja-ja.

"Wace saniya ke ba da jar madara?" in ji shi.

Damiyan ya yi dariya, ya juya kwalbar ya karanta masa: garin madara, ruwa, sukari, launi, kayan ƙamshi, da maganin hana lalacewa.

"Magani kuma? Ni lafiyata lau. Ba ya cutarwa?"

"Kaɗan ne, Baba, ni ma ina sha. Amma in kwanan watan nan da ke jikin kwalbar ya wuce, ko ka ga murfin ya kumbura, kada ka taɓa."

Bubayero ya saya, ya zauna gindin dalbejiya ya kurɓa. Zaƙi ya cika masa baki kamar alewa. Ya nemi ɗumin nan da ƙamshin ɗanyar ciyawar damina, bai samu ba. Ya daɗe zaune kafin ya shanye.

Washegari Damiyan ya tambaye shi yadda ya kwana da cikinsa.

"Ba ta cuce ni ba," in ji Bubayero. "Sai dai ban san saniyar da zan gode wa ba."