Ranar da Aka Sa Ni Nazarin Sahura

Jiya na yi wani mafarki wanda har yanzu bai bar kaina ba. Sunana Sallau, shekarata ashirin da biyu ina koyar da Adabin Hausa a sakandaren garinmu. Na dawo daga makaranta a gajiye, na kishingiɗa a kan tabarma da takardun jarrabawar yara a ƙirjina, sai kawai na gan ni tsaye a bakin wani kogi.

Ana ruwa a wurin, amma daga ƙasa yake tsattsafowa yana tafiya sama. Masu wucewa kowa ya ɗaura lemarsa a ƙugu tana kallon ƙasa. Kaina a bushe, ƙafar wandona sharkaf. Ban yi mamaki ba.

Wani dattijo ya tuƙo kwalekwale ya tsaya a gabana. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma nan take na gane shi. Nomau ne, mai fiton nan na cikin littafin da nake karantar da 'yan aji shida, wanda kogi ke cinyewa a babi na tara.

"Shigo, Malam," in ji shi. "An aiko ni in kai ka ofis."

"Baba Nomau, ai ka mutu."

"Sau sittin da shida. 'Yan aji shida rukuni uku kake ɗauka kowace shekara. Duk ranar da ka buɗe babi na tara sai na nutse."

Na shiga na zauna. Muka kai tsakiyar kogi, sannan ya tambaye ni abin da nake gaya wa yara game da shi.

Na ce, "Ina ce musu mutuwarka alama ce ta mutuwar tsohuwar rayuwa, tunda an gina gada ba a bukatar mai fito."

"Katako ne ya ruɓe a gindin jirgin, Malam. Shi ke nan. A babi na huɗu haƙori ya hana ni cin tuwo kwana biyar. Ka taɓa gaya musu?"

"Ba ya cikin jigo, Baba."

Sai ya ajiye filafili ya ɗaga rigarsa. Babu fata a ƙirjinsa. Baƙin allo ne, an rubuta TSOHUWAR RAYUWA da farin alli, kuma rubutun hannuna ne.

"A ƙasar nan," in ji shi, "abin da aka ce kana nufi, shi kake zama."

Sai ga ni a wata doguwar baranda, babu kogi babu Nomau. An yi layi a kan benci, amma ba mutane ba ne a layin. Akwai wata fitilar ƙwai da ke ta tari irin na tsofaffi. Akwai tsani yana rawar ɗari. Can ƙarshe an jingine wata ƙofa a bango, ba ɗaki a bayanta, tana tambayar duk wanda ya wuce ko ya ga 'ya'yanta.

Da na zo daidai ita sai ta kira sunana.

"Malam Sallau, ni ce uwar marayun nan ta babi na biyu. Ɗalibinka ya rubuta a jarrabawa cewa ni alama ce ta mafita. Ka ba shi maki goma."

Na ce ta yi haƙuri. Ta ce ba haƙuri take nema ba, hannu take nema, ƙaramin bai ci abinci ba tun da aka rufe littafin. Na ƙara sauri.

A bakin ofis wata jar akuya ce zaune a bayan tebur, da tabarau a karan hancinta. Ta nemi takardar shaidar karatuna. Na laluba aljihu na same ta a ninke. Ta karanta tun daga sama har ƙasa, ta cinye ta, ta lashe baki.

"An karɓa. Shiga, shugaba yana jiranka."

Shugaban wani ƙaton bunsuru ne baƙi, warinsa ya cika ɗakin. Awaki bakwai sun zauna a jere dama da hagunsa, kowace da tarin littattafai a gabanta tana tauna a hankali. Na durƙusa na gaishe shi.

"Malam Sallau," in ji bunsurun, "ka yi shekara da shekaru kana nazarin mutane ba ka taɓa tambayar ko ɗaya ba. Yau za mu ga aikinka da idonmu. A shigo da ita."

Aka shigo da Sahura, matata. Shekararmu ashirin da huɗu da aure. Tana sanye da zanen da take girki da shi, hannunta a jiƙe, da muciya a ciki. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin kamar mai jiran layi a asibiti. Ba ta dube ni ba.

"Ranka ya daɗe, wannan iyalina ce. Ba ta cikin littafi."

"Ba mu tambaye ka inda take ba." Ya ɗauko wata takarda guda ɗaya ya ɗaga. "Ga shafinta. Fito mana da jigonta, ka faɗi alamar me ce ita. In na gama cin shafin nan ba ka faɗa ba, babu ita."

Ya gutsiri kusurwar takardar. Bakin ɗankwalin Sahura ya ɓace, kamar an sa almakashi. Ya sake gutsira, kan muciyar ya tafi. Na ga ya buɗe baki a karo na uku, haƙoransa sun nufi tsakiyar shafin.

Ban yi tunani ba. Bakin da ya saba ne ya yi maganar da kansa.

"Alama ce ta haƙuri!"

Awakin nan bakwai suka buga kofato a ƙasa gaba ɗaya. Bunsurun ya ajiye takardar yana gyaɗa kai.

"Madalla. Mai haƙuri shi ke dafa dutse. A kawo tukunya."

Awaki biyu suka gangaro da wata tukunya mai girman rumbu, suka girka, suka fara hura wuta. Ni kuwa idona yana kan ƙafar Sahura. 'Yan yatsunta sun yi fari fat kamar toka, sannan suka daskare. Ina jin ƙarar abin yana hawa, ƙas ƙas ƙas, kamar ana taka tsakuwa. Ya cinye idon sawu ya kama ƙwauri.

"Malam," in ji ta, a hankali kamar tana gaya mini gishiri ya ƙare, "ƙafata ta yi nauyi."

Na ce na janye maganata. Bunsurun ya ce ba a janye nazari, sai dai a rushe shi da hujja. In faɗi abin da ta yi da abin da ta ce, kamar yadda nake sa yara.

Na ce ta haifa mini 'ya'ya biyar. Dutsen ya kai gwiwa. Na ce ba ta taɓa barin na fita ban karya ba. Ya kai cinya. Na ce ko maƙwabta sun shaida ba a jin muryarta. Ya kai ƙugu, zanen ma ya zama dutse, har da ninkinsa.

"Duk wannan goyon bayan jigonka yake," in ji bunsurun. "Me take so?"

Na dubi Sahura, sai ya sake jefo wata tambayar.

"Me take tsoro?"

Na san abin da Nomau ke tsoro. Na san abin da mutum ɗari na cikin littattafai ke so, har da lambar shafi.

"Yau da safe me ta ce maka?"

Na tuna bakinta yana motsi a bakin ƙofa, ni kuma ina duba takardu ina cewa to, to. Ko kalma ɗaya ban riƙe ba.

Ruwan tukunya ya fara tafasa. Dutsen ya kai ƙirjinta, numfashinta ya koma gajere. Awakin biyu suka zo suka tsaya a gefenta, suna auna ta inda za su ɗaga. Sai a lokacin wani abu ya faɗo mini, abin da na daɗe ina ƙin tunawa don kunya.

"Ta jefa rediyona a rijiya!"

Awakin suka daina tauna.

Na ce shekarar da mahaifiyarta ta kwanta ciwo, ta zo tana gaya mini jiki ya yi tsanani, ni kuwa na kara rediyo a kunne ina sauraren shirin adabi. Ta fizge shi ta jefa a rijiya, ta yi kwana uku ba ta ce mini uffan ba. Ina faɗa sai na ji wani abu ya tsage. Dutsen ya fashe a ƙirjinta, ɓarɓashi ya zubo.

Na ci gaba ba numfashi. Na ce tana kankare ƙanzo ta ci a bayan ƙofar kicin kafin yara su gani. Na ce in ta ga ƙadangare a ɗaki sai ta hau gado da takalmi. Na ce ta taɓa cike takardar shiga makarantar ungozoma, ni na ce a bari sai yara sun girma, yaran sun girma har biyu sun yi aure, ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Dutsen yana zubewa, daga ƙirji zuwa ƙugu, daga ƙugu zuwa gwiwa. A nan ya tsaya, domin abin da na sani ya ƙare.

"Wannan ya saɓa wa jigo," in ji bunsurun.

"Ya saɓa, ranka ya daɗe."

"Ashe ba ka iya aikin ba. To, ita za ta yi nazarinka. Kada a kashe wutar."

Sai Sahura ta juyo ta dube ni, karo na farko tun shigowarta. Babu fushi a idonta, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro. Ta fara tahowa tana jan ƙafafun dutsen a kan siminti, ƙarrr, ta huta, ƙarrr, ta huta. Na so in gudu, gwiwoyina sun manne da ƙasa.

Ta tsaya a kaina. Ta ce, "Malam alama ce ta…"

Na ji kunnuwana suna shafewa, fata tana rufe ramukan kamar ana yaɓe bango. Ina ganin bakinta yana motsi, ba na jin kalmar. Ƙarar jan nan ce kaɗai ke shiga kaina, ƙarrr, ƙarrr.

Na farka a firgice, takardun yara sun warwatse a tabarma. Rana ta yi sanyi. Ƙarar tana nan. Na leƙa tsakar gida, sai ga Sahura ta sunkuya tana jan turmi a kan siminti zuwa inuwa, ta ja ta huta, ta ja ta huta.

Na ce, "Sahura, me ya sa yau kike jansa?"

Ta miƙe ta dafe ƙugu.

"Gwiwar nan ce, Malam. Ai da safe ma na gaya maka, ka ce to."

Na fito ba takalmi na kama turmin. Ban taɓa sanin yana da nauyi haka ba.