Jan Fenti a Cokalin Baba

Babanmu mai fenti ne, ga taurin kai kamar dutse. Ranar da likita ta ce ciwon dajin da ke tumbinsa irin wanda ƙwayar cutar bairos ke da hannu a ciki ne, kalma ɗaya tak ya ɗauko ya taho da ita gida: bairos. Ko zama bai yi ba ya buɗe gwangwani, ya ɗiga jan fenti a cokalinsa, da kofinsa, da farantinsa, har da hannun kujerarsa. Duk abin da ke da ja, kar wanda ya taɓa.

Ni kuwa watana biyu da haihuwa. Jikarsa ta fari, amma mutumin nan sai dai ya leƙo ta daga bakin ƙofa, hannuwa a baya. Saura kwana biyar a yi masa aiki, ni kuma tsorona kar ya shiga ɗakin tiyata bai taɓa ɗaukarta ba. Na yi lallashi, na yi masifa, Mama ta yi kuka, duk a banza.

"So kuke in shafa mata? Ku rabu da ni," in ji shi.

Ranar komawarsa asibiti na goya jaririya na bi shi, yana faɗa ina faɗa har ofishin likita.

"Likita, don Allah raba mu," na ce. "Wai zai sa wa 'yata ciwonsa."

Ta ajiye biro. "Baba, cikin manya goma, tara na ɗauke da bairos ɗin nan, yawanci tun suna yara. Wataƙila ni ma ina da shi, 'yarka ma haka. 'Yan ƙalilan ne yake kai su ga wannan. Shi ciwon daji ba a ɗaukarsa. Kuma irin naka, sau da yawa masu shi sun fi samun sauƙi."

"To fentin fa?" in ji Baba.

"Wane fenti?"

Wallahi dariya ta ƙwace min, hawaye na zuba. Tunda aka fara wannan jinya ban ji zuciyata ta yi sanyi haka ba. Ban jira izininsa ba, na kwanto yarinya na dangwara masa a cinya.

Ya tallabe ta. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya sunkuya ya manna kumatunsa a nata.

"Amarya, yi haƙuri," ya ce da dasasshiyar murya. "Mijin naki ne bai da wayo."