Buntun Bayan Gida

Ummulkhairi ta tsoma zane a bokiti, ta matse, ta rataye shi a bakin taga, amma hayaƙin ya riga ya cika ɗakin. Ɗiyarta Rumaisa na zaune kan tabarma, kafaɗunta na hawa da sauka, numfashinta na fita da ƙara kamar usur. Ba ta kuka. Yarinyar da ba ta kai shiga firamare ba ta riga ta gane kuka na ƙara toshe mata ƙirji.

Bawa, mahaifinta, ya leƙa ta kan katanga. Tun da aka kafa injin casar shinkafa a bayan Tungar Ladi, ake jibge buntu a filin da ke jikin gidansa, a cinna masa wuta. Buntu ba ya ci da harshe. Cinyewa yake ta ciki, ruwan sama ma bai kashe shi. Likitan da ya duba Rumaisa a Gwandu ya ce asma ce, kuma magani ba zai yi komai ba muddin tana shaƙar wannan iska.

"Malam, yau a taron hukuma ko duƙawa ce ka duƙa musu," in ji Ummulkhairi. "Ɗiyar ga ba ta kai wata damina a haka."

* * *

Zauren taron ƙaramar hukuma ya cika da manyan riguna da ƙamshin turare. Bawa ya samu gefen benci a baya. Can gaba ya hango ƙanensa Ashiru cikin ma'aikatan injin da aka kwaso a mota. Da idanunsu suka haɗu, Ashiru ya sunkuyar da kai.

An daɗe ana magana kan rumfunan kasuwa da wurin tsayawar 'yan kabu-kabu. Sai bayan azahar aka zo kan Tungar Ladi. Duba-gari ya tashi ya ce ya je ya gani da idonsa, yara da tsofaffi na tari, ya kamata a kwashe buntun zuwa daji. Wakilin mai injin ya amsa cikin ladabi, ya lissafa matasan da suka daina zaman banza, ya nuna su da hannu. Aka tafa.

Bawa bai jira an ba shi dama ba. Ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ni ban ce a rufe inji ba. Ƙanena na ci daga nan. Wutar kawai nake roƙo a matsar. Ɗiyata a zaune take barci, in ta kwanta numfashi ya tsaya."

Shugaban taron ya ce Allah ya ba ta lafiya, jama'a suka ce amin, sannan ya juya ga jami'in tsara gari. Mutumin ya buɗe taswira a kan tebur, ya bayyana cewa a sabon tsari, duk wannan ɓangaren an ware shi ga masana'antu. Saboda haka injin yana inda ya dace. Gidajen ne suke inda bai dace ba, kuma don kare lafiyar mazauna, za a nemi su tashi.

Bawa ya ɗauka bai ji daidai ba. Ya ce a gidan aka haife shi, a nan aka yi wa mahaifinsa wankan gawa. Wani kansila ya dafa shi, ya ce a hankali ai an ba shi abin da ya nema, yarinya za ta rabu da hayaƙi. Ina za su koma kuwa, wannan sai zama na gaba.

A bakin ƙofa Ashiru ya tare shi. Ya ce an gaya musu wanda bai zo ba kada ya koma aiki.

"Yaya, mi zan yi? Ni ma ina da iyali."

Bawa ya dube shi, ya ga buntu maƙale a gashin girarsa. Ya wuce.

* * *

Sati bai zagayo ba suka yanke shawarar kai Rumaisa wurin kakarta a Diggi. Ummulkhairi ta ƙulle mata kayanta a ɗankwali, ta sa abin shaƙar maganinta a ciki, ta yi ta maimaita wa mai babur yadda ake danna shi, ko da yake Bawa ne zai riƙe ta a hanya. Yarinyar ta tambaya yaushe za ta dawo. Uwar ta gyara mata hijabi kawai.

Da suka fito, sai suka tarar da wasu mutum biyu da gwangwanin fenti sun gama da gidan maƙwabci, sun iso nasu. Ɗayan ya yi sallama, ya nemi afuwa, ya zana babban jan gicciye a jikin katangar, alamar gidan da za a tasa.

Babur ya tashi. Ummulkhairi ta tsaya a zaure har ƙararsa ta ɓace. Fentin bai bushe ba tukuna, toka na saukowa a hankali tana mannewa a kansa.