Takin Ciyawar Kifi

Jaka biyu. Akwatin gilashi naɗe cikin bargo. Kifi shida a bido, jarkar ruwa. Ciyawar ruwa tushe bakwai a leda. Kwalbar takinta ɗaya. Da su na sauko daga motar Yamai a Maraɗi, na shiga ta Madarunfa. Ba mu yi nisa ba muka faɗa rami, kwalbar ta fashe, takin ya tsiyaye cikin kayana.

Shekara shida na yi ina karatu a Tunis, ɗaya ina aiki a Yamai. Ciwon Baba ya dawo da ni. Hawan jini ya taɓa masa hannun hagu, lokotoro ya hana shi gona, yayana Mahaman ya karɓi noman. Tun daga nan Baba ya daina ci sosai. Inna ta ce yini yake yana kallon bango.

Na ajiye akwatin a ɗakinsa, kusa da taga, don ya samu abin kallo. Kifin bai dame shi ba. Ciyawar yake dubawa.

"Nafisa, wanga haki ana cin shi?"

"A'a, Baba."

"Dabba na ci?"

"A'a. Ado ne, kuma yana gyara wa kifi ruwa."

"Karatun Tunis ke nan," ya ce. Amma ya jawo kujerarsa kusa.

Bayan sati biyu ganyen ya fara yin ruwan ɗorawa. Baba ya riga ni gani.

"Shukarki yunwa take ji."

Na ce na sani, takinta ya zube a hanya, na aika Yamai a kawo wani. Ya tambayi yaushe. Na ce wata ɗaya, wataƙila. Ya girgiza kai.

Ranar Litinin na shiga Maraɗi karɓo maganinsa. Na dawo da la'asar na tarar ruwan ya yi fari-fari, kifi biyu sun juya ciki sama, sauran huɗun suna haki a saman ruwa. A kan tabarma ga ƙullin takin zamani, ragowar na gonar hatsi.

"Yatsa uku na ɗibar wa kowane tushe," in ji Baba. "Kamar na hatsi. Ban ƙara ba."

Na kwashe masu ran na zuba a roba, na canja ruwan sau uku. Na ce, "Baba, akwai masu numfashi a ciki." Daga nan na kira Mahaman muka mayar da akwatin ɗakina.

Kwana biyu Baba bai taɓa tuwo ba. Ya koma kallon bango. Inna kuwa takan dire kwanon da ya dawo cike a inda zan gan shi.

Rana ta uku da hantsi ya yi mini sallama a bakin ƙofa. Faifai ne a hannunsa na dama, a kai wasu ƙananan curi na laka, kamar ƙwayar gyaɗa, sun bushe a rana.

"Lakar tafki ce, Mahaman ya ɗebo min. Cikin kowanne akwai ƙwarar taki guda. Guda tak." Ya tsaya ya huta. "Watsawa na yi rannan. Abin da nake hana Mahaman shi na yi. Taki a gindi ake binne shi, saiwa ke ci, ba ruwa ba."

Na dubi curin. Babu biyu masu girma ɗaya. Da hannu ɗaya ya mulmula su, a kan cinyarsa.

"In kifin suka mutu fa?"

"Gwada ɗaya, Madam Tunis. Tushe ɗaya, can kusurwa."

Na cusa ɗaya cikin yashi da yatsa, can ƙasa. Ya ce in ƙara zurfi. Na ƙara.

Kullum bayan ya karya sai ya zo ya zauna a bakin ƙofata. Kifin suka ci gaba da yawonsu. Kwana tara tushen kusurwar ya fidda sabon ganye, kore shar, bai kai farce ba. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗaga murya ya tambayi Inna ko akwai sauran fura.

A ranar muka mayar da akwatin ɗakinsa. Ya tsaya a kaina har na binne sauran shidan, yana gyara mini wuri.

Da yamma Mahaman ya shigo da ƙullin da direban Yamai ya bayar, sabuwar kwalbar taki.

"Ɗigo nawa ake sawa?" ya tambaya.

Na karɓa, na ajiye ta a bayan jakata, na fito na ja ƙofar ɗakina na rufe.

"Ko ɗaya," na ce. "Gonar Baba ce yanzu. Shi zai ba ta taki."