Mariƙin Keken da Lorna Ta Zaɓa

Da dusar ƙanƙara ta gama narkewa a bayan gidanta, Lorna Heikkinen ta share busassun ganyayen da suka taru a kan tirelar kwana ta marigayi mijinta, ta zura hannun murɗawa, ta fara juyawa. Tirelar irin mai naɗewar nan ce. Idan tana rufe kamar akwati take a kan tayoyi biyu, idan aka murɗa sai rufin ya tashi, gadaje su fito gaba da baya a ƙarƙashin tamfol.

Tun rufin bai kai rabi ba wari ya buge ta. Ta leƙa ciki. Tamfol ɗin ya yi baƙi ƙirin da fumfuna, katifar baya ta jiƙe sharkaf, katakon silin ya kumbura. Ta taɓa shi da yatsa, yatsan ya nutse.

Mijinta Reino a lalace ya sayi tirelar nan, ya gyara ta da hannunsa. Shi ya ɗinka tamfol ɗin a keken ɗinkin mahaifiyarsa, shi ya shimfiɗa katakon. Sun kai ta kusan duk wani tafki da ke arewacin Michigan, kuma ɗigon ruwa bai taɓa shiga cikinta ba.

Lorna ta jawo tsani ta hau. A kan rufin ta ga ramuka huɗu, kowanne yatsa zai shiga, an manna musu salatef wanda sanyi ya ɗaye tuntuni.

Ba sai an gaya mata ba. Mutum ɗaya ne ya ari tirelar bara, Duane Pelkie, mijin ƙanwarta Glenda. Da ya dawo da ita a rufe ya dawo da ita, ya kwance ta a bayan gidan, ya danna ham ya wuce, ko shigowa bai yi ba.

Ta same shi a ƙofar gidansa yana wanke sabuwar a-kori-kurarsa, baƙa wuluk, an ɗora wa bayanta doguwar rumfa mai gilasai.

"A'a, Lorna! Zo ki ga amarya," in ji shi. "Amma kada ki taɓa, yanzu na goge."

"Duane, wa ya huda rufin tirelar Reino?"

"Au, wannan? Mariƙin kekuna na ɗaura. A ina kike so in sa kekunan, a kaina? Da na gama na cire abina. Ai na toshe ramukan."

"Da salatef."

"Salatef mai kyau kuwa."

"Ruwa ya shiga. Komai ya ruɓe. Tamfol ɗin da ya ɗinka, katifar, silin."

Duane ya kashe famfon, ya yi dariya. "Haba Lorna, wannan tsohon akwatin? Ai ko ban taɓa shi ba kwanansa ya ƙare. Reino ma, ba don ya mutu ba in faɗa, gyare-gyarensa duk na malejin talaka ne." Ya juya ya ci gaba da goge madubi. "Af, ki gyara shi kafin hutun Yuli, mun riga mun kama wuri a bakin tafki."

Glenda tana tsaye a bakin ƙofa da kofi a hannu. Ta sunkuyar da kai.

Lorna ta daɗe tana kallon ƙeyarsa. Da ya ce ta yi haƙuri, ko da baki ne kawai, da wataƙila maganar ta mutu a nan. Ta koma motarta, ta tayar da ita ta tafi gida.

Watan Mayu da rabin Yuni a kan tirelar suka ƙare. Ta ɓamɓare ruɓaɓɓen katako ta sa sabo, ta cike ramukan da ƙaro. Katifar ta kai juji. Tamfol ɗin ta wanke shi har fatar hannunta ta tsattsage, baƙin bai fita ba, dole ta yanke gefe guda ta ɗinka sabon ƙyalle. Launin bai zo ɗaya ba. Duk sanda ta kalli facin sai ta ji dariyar Duane a kunnenta.

Sai ga shi ya bugo waya. "Ya aiki? Kin ga, zan zo da injin huji in mayar da mariƙin nan."

"Kada ka wahalar da kanka," in ji Lorna. "Ni zan sa mata mariƙi da kaina."

"Ke? To madalla. Ki sa mai ƙarfi, keken da na saya bana ba na wasa ba ne."

Washegari ta tafi shagon kayan tireloli da ke hanyar garin Marquette. Mai shagon wata mata ce mai furfura, Bernice, wadda ta san Reino. Ta baje mata iri uku a ƙasa.

"Wannan na rufi ne, sai an huda."

"Wuce shi."

"Wannan a bambar baya ake ɗaurawa. Ba na ba ki shawara. Bambar irin tirelarku kamar gwangwani take, kina kan titi za ta yage, kekunan su zube a gaban motar wani."

Lorna ta hango sabon keken Duane yana wuntsilawa a kan kwalta, abin ya yi mata daɗi. Sai kuma ta hango motar da ke biye, da mutanen cikinta waɗanda ba su yi mata komai ba. Ta girgiza kai. "Na ukun fa?"

"Wannan a wuyan tirela yake zama, a saman tukunyar gas. Ba huji, maƙalawa ake yi da noti. Kekunan suna tsayawa a gicciye, a sama. Da wace mota za ki ja?"

"Da ƙaramar motata."

"To ba ki da matsala, bayanta gajere ne, ko kin karya kwana kekunan ta sama za su wuce. Da doguwar mota ce mai rumfa da na ce ki ja shi can baya, ki kuma bi kwana a hankali. In ba haka ba, kan keken zai shiga gilashi."

"Zai shiga gilashi," Lorna ta maimaita.

"Kamar mashi."

"Ba ni shi."

A ranar ta ɗaura shi. Ta fito da akwatin sifanun Reino, ta shimfiɗa kwali ta durƙusa. Ƙafafun mariƙin suna iya matsawa gaba ko baya a kan wuyan tirelar. Da farko ta ja su baya, kusa da jikin akwatin, inda Bernice ta ce. Ta tashi ta ja da baya ta duba. Sannan ta sassauta notinan, ta tura mariƙin gaba, ta ƙara turawa, har ya kai iyakar inda ƙarfen ya ba da dama. Ta ɗaure kowane noti tamau. Ta kama sandar ta jijjiga da duk ƙarfinta, tirelar gaba ɗaya ta motsa, mariƙin ko gezau. Ta ɗora tsohon kekenta, ta haɗa da motarta, ta yi ribas ta karya kwana iya karyawa. Keken ya wuce ta saman but ɗin lafiya lau.

Kafin Duane ya zo ɗauka, ta ja tirelar zuwa gaban gida ta saita ta tana kallon titi sak. Daga nan zuwa tafki hanya miƙaƙƙiya ce. Ba ta so abin ya faru a inda ba kowa.

Duane ya zagaya mariƙin, ya ƙwanƙwasa shi. "Ba laifi. Wa ya ɗaura miki?"

"Ni."

"To, ashe zama da Reino bai tashi a banza ba." Ya ɗora kekensa ja mai ƙyalli a gaba, na Glenda a baya, ya ɗaure.

Lorna ta riga su isa tafki da kwanon dankali da kujerarta mai naɗewa. Wurin ya cika maƙil, hayaƙin gashin nama ko'ina, dangin Duane sun kafa tantuna a jere. Filin da Duane ya kama yana tsakanin manyan itatuwa biyu, ba a shiga sai da baya, sai kuma an karya kwana sosai. Ta kafa kujerarta a inda za ta ga komai.

Da baƙar motar ta iso, wani ƙanen Duane ya taso zai yi masa jagora. Duane ya leƙo ta taga. "Koma ka zauna, Wendell. Ina ja da baya da tirela tun kana tsumma."

Glenda ta sauka, ta nufi bayan motar don ta duba masa.

"Glenda," Lorna ta kira. "Zo nan."

"Bari in..."

"Na ce ki zo nan. Zo ki karɓi kwanon nan."

Glenda ta zo. Duane ya ɗora gwiwar hannu a taga, ya murza sitiyari da tafin hannu ɗaya, ya taka. Tirelar ta fara lanƙwasa. Ta ƙara lanƙwasa. Lorna tana kallon kan jan keken yana matsowa kusa da gilashin rumfar, taƙi ɗaya, rabin taƙi.

Ƙarar ta sa tsuntsaye suka tashi daga itatuwan. Gilashin baya ya tarwatse, ya zubo kamar tsakuwa. Duane ya firgita, maimakon burki ƙafarsa ta ƙara danna mai, fedar keken ta kafe a jikin ƙofar baya ta ja dogon layi a baƙin fentin, tayar gaban keken ta lanƙwashe. Sannan motar ta mutu.

Can sai Wendell ya ce, "Tun ina tsumma, ko?" Dariya ta ɓarke daga tanti zuwa tanti.

Duane ya fito fuskarsa jajur. Ya dubi gilashin, ya dubi keken, ya shafa layin da ke jikin fentin da yatsa kamar zai goge. Ya juyo kan Lorna.

"Wane irin banzan ƙarfe kika ɗaura?"

"Ƙarfen lafiyarsa ƙalau. Duba, ko motsi bai yi ba."

"Kin san nawa motar nan take?"

"Haba Duane, ɗan gilashi ne fa," in ji ta. "Ka sa masa salatef. Mai kyau."

Duane ya waiga ya ga danginsa suna kallo, wasu da faranti a hannu. Ya shuri tayar tirelar, ya nufi bakin ruwa shi kaɗai.

Glenda tana nan tsaye rungume da kwanon. Ta yi ƙasa da murya. "Kin kira ni tun kafin abin ya faru."

"Na kira ki."

"Kin sani ke nan."

"Na sani."

"Lorna, ni zan koma gida da shi. Ni zan sha wannan fushin har kaka."

"Ranar da ya zagi Reino kina tsaye a ƙofa."

Glenda ta ajiye kwanon a kan tebur, ta bi mijinta.

Ba su kwana ba. Duane ya kwance tirelar a nan inda ta karkace, ya jefa kekunan a bayan mota a kan fasassun gilasai, suka tafi. Wendell da wasu maza biyu suka tura ta da hannu ta shiga tsakanin itatuwan. Lorna ta murɗa rufin ya tashi, ta share gilashin da ya zuba a ƙasa saboda masu yawo ba takalmi. Tunda an riga an kama wurin, ta yi zamanta har hutun ya ƙare.

Duane bai sake neman aron ko cokali a wurinta ba. Glenda kuwa ta daina ɗaukar wayarta har kaka ta shigo, ganyaye suka fara ja, kuma wannan ya dami Lorna fiye da yadda ta zata. Ranar da ta ɗauka, hirar lambu suka yi da ciwon gwiwa. Sai da za su ajiye waya Glenda ta ce, "Har yanzu in Duane zai yi ribas sai ya sauko ya duba."

"Ya kyauta," in ji Lorna.

Ba ta ba da haƙuri ba, Glenda ma ba ta nema ba.